Gulbi yana cin gaɓar lambunmu: in zuba duwatsu irin na Legas?

Mai Albasa, Dundaye:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda sunka san sha'anin ruwa da ƙasa, don abin nan ya wuce in yanke shi ni kaɗai.

Muna da lambu na gado a bakin gulbin Rima, ba nisa da gadar jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato, daidai inda ruwa ke shan kwana. Da rani albasa muke yi da tattasai da ɗan tumatir, da damana kuma shinkafa a gefen da ruwa ke kwanciya. Marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya dasa mangwaro a jere tsakanin lambun da gulbi. Muna yara amalanken shanu yana wucewa tsakanin mangwaron da bakin ruwa bai taɓa reshe ba. Yau babu hanyar. Tun ambaliyar 2010, wadda ta tafi da gadar jami'a har ɗalibai da malamai sunka koma shiga kwale-kwale, gulbin ya matso gefenmu, kuma kowace shekara sai ya yanki rabonshi. Mangwaro biyu sun riga sun faɗa, na uku saiwoyinshi suna reto a iska.

In ka sauka ƙasa ka dubi gaɓar, a tsaye take cak, ta fi tsawon mutum, gindinta kuma a rarake: sai ka zura hannu har kafaɗa ba ka taɓo ƙarshen ramin ba. A sama, kamar taki ɗaya daga baki, akwai tsaga mai bin tsawon gaɓar, yatsa yana shiga cikinta. Abin da ke ɗaure mani kai, ba lokacin da ruwa ya cika take zubewa ba. Cikin malka, gulbi na tumbatsa, shiru kake ji. Sai ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba, sannan ka wayi gari ka tarar wani yanki ya zabtare da kunya biyu ko uku. Yanzu tsakanin tsagar da rijiyar da muke ɗora injin ban ruwa bai fi taki shida ba. In rijiyar ta tafi, noman rani ya tafi.

Ƙanena yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 a Legas. Ya turo mani bidiyon wata katangar duwatsu da anka yi a bakin teku can, ya ce in an iya tsayar da teku da dutse, ina ga gulbi. Ya ce in sa a kawo tifofin dutse a zuba, zai biya rabi. Na tambayi kuɗin tifa na yi lissafi, abin zai cinye ribar albasar bana kaf, ƙila ya taɓa ta baɗi. Ba ƙyashin kuɗin nike ba, tsorona in zuba su ruwa ya haɗiye. Wasu sun ce in jera buhunan yashi, wasu sun ce in dasa dogon yaro. Akwai wanda ya taɓa ganin inda anka yi irin wanga aiki ya tsaya? Katangar ta Legas kuma, da gaske ta yi magani?

Baba Ɗan Ikko, Mabera:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya tsare maku abin da ya bari. Aikin gulbi sai masu shi, amma Legas na san ta, don can ƙuruciyata ta ƙare ina tuƙa wani maigida a Victoria Island kafin in dawo gida.

Wurin da ƙanenka ya nuna maka, da can shi ne Bar Beach. Filin yashi ne mai faɗi, ranar Lahadi da ranakun salla ba masaka tsinke: masu dawakin haya, masu tsire, masu fararen riguna suna addu'o'insu da ƙararrawa, yara suna tsere da igiyar ruwa. Bayan yashin sai titi, titin kuma sunan Sardauna gare shi, Ahmadu Bello Way, inda jihohi da dama ke da ofisoshinsu. A kan idona yashin nan ya riƙa raguwa. Akwai safiyar da na fito da mota na tarar teku ya tsallake titin cikin dare, ya jibge yashi a ƙofar gine-gine, sai da aka kawo katafila kafin motoci su wuce.

Ciwon kuwa daɗaɗɗe ne. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To shi yashin bakin tekun Legas tafiya yake yi, igiyar ruwa na tura shi daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi. Ya taru a yamma, a gabas kuma inda Bar Beach take, ruwa na ɗiba babu mai mayarwa. Tun 1958 gwamnati ta sha zuba yashi da injuna, a kashe kuɗi, bayan 'yan shekaru ruwa ya kwashe abinsa. Daga baya ne aka yi wannan katanga, wadda aka tsara tsawonta kilomita 8.5, aka lulluɓe ta da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne, aka cike bayanta da yashi aka kafa sabuwar unguwa, Eko Atlantic.

Ga titin Ahmadu Bello ta yi magani, ruwa ya daina hawa. Amma Bar Beach ɗin da talaka ke kai iyalinsa shan iska babu ita, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo. Sannan ka je gabas, wajen Alpha Beach da Okun Ajah, ka ga abin da teku ya yi wa gidaje da hanya da itatuwan kwakwa. Mutanen wurin suna cewa tun da aka fara aikin ɓarnar ta ƙaru a kansu, masu aikin kuma suna cewa zaizayar ta girmi katangar. Ba ni zan raba masu gardama ba. Abin da na gani shi ne har sai da gwamnatin jiha ta bi gaɓar tana jera wasu duwatsun masu shiga cikin teku don su riƙe yashi.

Saboda haka kafin ka kira mai tifa, ka taka ka ga lambun wa ke bin naka ta inda ruwa ya nufa.

Ɗan Katafila:

Yaya, mi zai sa ka wahalar da kanka? Tunda kwanar ce matsala, ku haɗa kuɗi ku ɗauko hayar injin haƙa, a yanka wa ruwa hanya ta cikin yashin tsallake ya miƙe, ya bar maku gaɓarku. Aikin ba shi ɗaukar lokaci.

Malamar Kimiyyar Ƙasa:

Malam Mai Albasa, sannu da ƙoƙari. Yadda ka kwatanta ramin gindin da tsagar sama ya isa a gane abin da ke faruwa.

Bari in fara da ƙanena mai shawarar yanka hanya: don Allah kada a yi. A watan Oktoban 2003 kogin Sanagal ya cika yana neman cinye birnin Saint-Louis, sai hukumomi suka yanka mashiga mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku. Ruwan gari ya sauka, kowa ya yi murna. Amma mashigar ta ci gaba da buɗewa har faɗinta ya kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi gaba ɗaya, masunta da yawa kuma suka halaka wajen ƙetare ta. Gulbin Rima ba teku ba ne, amma in aka miƙar da kwana ruwa yana ƙara gudu, ya je ya daki gaɓar wani da ƙarfin da ya fi na da, kuma ba ku da tabbacin zai bi hanyar da kuka zana masa.

Game da Legas, Baba ya gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Su abin da suke fama da shi igiyar ruwa ce mai dukan gaɓa gaba da gaba dare da rana, ga shi tekun kansa yana ƙara tudu saboda ƙanƙarar duniya na narkewa kuma ruwa na kumbura da zafi. Daga 1901 zuwa 2018 ya hau kimanin santimita 20, a shekarun baya-bayan nan kuma yana hawa kusan milimita 4 duk shekara. Dole katangarsu ta zama ƙatuwa. Kai ruwanka wucewa yake yi ta gefe yana kankarar gindi, na 'yan watanni a shekara. Ba irin maganinsu kake bukata ba.

A kowace kwana ruwa ya fi gudu da zurfi ta bayan kwanar, inda lambunka yake, yana kwasar ƙasa can yana ajiye yashi a tsallake. Shi ya sa gindin ya rarake. Zubewar Oktoba kuwa ga dalilinta: lokacin da gulbi ya cika, gaɓar ta sha ruwa ta yi nauyi, amma ruwan gulbin yana tokare da ita. Da ya janye, musamman in ya sauka da sauri, sai tokarin ya tafi ya bar ta da nauyinta, ruwan da ke cikinta kuma yana tsattsafowa yana fitar da yashi ta gindi. Tsagar da ka gani ita ce iyakar abin da zai faɗi nan gaba, kada ka bar yara su tsaya a kai. Akwai kuma batun madatsa. Tun da aka kammala ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, kamar yadda ta Bakolori ta yi wa gulbin Sakkwato tun 1978, yashi da laka da yawa suna kwanciya a bayan madatsar, ruwan da ke saukowa kuma sai ya nemi abin ɗauka a gaɓoɓi.

In ka sa tifa ta juye dutse daga sama, tsoronka zai tabbata. Ruwa zai rarake ƙarƙashinsu su nutse ɗaya bayan ɗaya. Dutse a gindi kawai ake bukatarsa, inda ruwa ke ci. Da rani, ruwa ya yi ƙasa, a haƙa rami a gindin gaɓar ya wuce zurfin ƙasan gulbi, a shimfiɗa tsakuwa, sannan a jera dutsen da hannu, manya a ƙasa. Tsakuwar nan kada a raina ta, ita ke hana ƙasa zurarewa ta tsakanin duwatsu. Farkon jerin da ƙarshensa kuma a cusa su cikin gaɓa, in ba haka ba ruwa zai zagayo ta baya. Wannan ba zai ci rabin dutsen da ka lissafa ba. Ragar waya da ake cikawa da dutse tana aiki, sai dai tsatsa da 'yan jari-bola. Buhun yashi kuwa na gaggawa ne, rana ɗaya ta Sakkwato ba ta kashe shi, amma rani ɗaya ya ishe shi ya ruɓe.

Ga maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Gaɓar da ke tsaye cak ba ta zama, ko me aka jingina mata. Sai an kwantar da ita: duk mita 1 na tsayi a ja baya mita 2 zuwa 3. A tsayin da ka faɗa, za ka ba gulbi mita 4 zuwa 6 na lambunka da hannunka, kuma rijiyar na iya shiga ciki. Sake haƙa rijiyar bututu a fadama ya fi tifofin dutse sauƙi nesa ba kusa ba. Ko mutanen Holan, da duniya ta san su da katangun ruwa, daga 2007 sun bi wurare sama da 30 suna ja da katangu baya suna sakar wa koguna fili.

A kan gangaren sai a dasa jema, wadda ake zana da ita. Saiwarta tana nutsawa ƙasa mita 2 zuwa 3, tana jure nutsewa cikin ruwa, tana jure rani in ta kama. A raba gindinta, a dasa layi-layi a gicciye, tazarar tafin hannu tsakanin kowane tushe, a yi mata ban ruwa har ta kafu. Dogon yaro a bakin gaɓa kada ka fara, inuwarsa tana kashe jema, in ya girma kuma iska ta kaɗa shi sai ya ɓalle gaɓar ya tafi da ita. Mangwaron nan na uku ma ka sassabe rassansa sosai ya rage nauyi. Sannan kunyoyin da ke kusa da baki ka daina kai masu ruwa, don kai ma kana jiƙa gaɓar ta sama.

In kun haɗu ku da yawa, ku rubuta wa ofishin shirin ACReSAL na jiha, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa a jihohin Arewa 19 da Abuja kan lalacewar ƙasa, ku kuma nemi injiniya daga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ya zo ya duba kafin a sa dutse ko ɗaya.

Ɗan Sarkin Ruwa, Kwalkwalawa:

Malama ta hwaɗi gaskiya, Allah shi ƙara ilimi. Amma mu da muke kwana kan ruwan nan akwai abin da munka gani wanda in ba a gyara shi ba, jema da dutse duk wahala ce.

Na san kwanar da kake magana. Ƙasa da ita kaɗan akwai inda tifofi ke ɗibar yashi tun asuba har magariba in rani ya yi. Da can sandar da muke tura jirgi tana taɓa ƙasa a nan ko'ina, yanzu akwai wurin da za ka zura ta duka ba ta iske komi ba. Ramin da sunka bari gulbi yana son cike shi, kuma da ƙasar gaɓarku yake cikewa. Ban ce a hana su cin abinci ba, gari yana gini kuma yashi dole ne, amma a nuna masu tudun yashin tsallake inda ruwa ke tarawa, su bar gindin kwana. Wagga magana ba ta mutum ɗaya ba ce, sai kun tafi wurin uban ƙasa ku da yawa.

Sai shanu. Jema in ta tsufa dabba ba ta kula ta, amma sabon tohonta suna so, kuma kohwaton garke ɗaya ya isa ya rushe gangaren da kunka wahala kansa. Ku zauna da Ardo tun kahin a fara, ku ware mashaya guda a inda gaɓa take kwance, ku kewaye dashen da ƙaya. In kunka toshe masu ruwa gaba ɗaya, rigima kunka saya.

Abu na ƙarshe, iyayenmu ba su da kuɗin dutse. Turaku suke kahwawa a gindin gaɓa layi biyu, su cusa rassan ƙaya da kara a tsakani su ɗaure. Ruwa in ya shiga ciki sai gudunshi ya mutu ya aje laka. Ba shi daɗewa kamar dutse, duk shekara sai an sabunta, amma inda ruwa ba shi da zurhi yana yi, kuma ƙananan kihi suna samun maɓoya. A bayan jemar, can nesa da baki, ka sa giyayya da bagaruwa, su ruwa ya kwanta masu ba ya kashe su.

Mai Albasa, Dundaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka na taka gaɓar har inda kwanar ta ƙare. Lambu huɗu ne a jere ruwa ke ci, kuma mai bin nawa na matar kawuna ce, wadda ke riƙe da marayu da shi. Gaɓarta ta fi tawa rarakewa, don yashi ne zalla a gindinta. Da na zuba dutse a iyakata kaɗai, kanta ruwan zai sauka, kuma ba ta da ƙane a Legas.

Malama, maganar ba da mita shida ta yi mani nauyi, ba zan ɓoye ba. Ƙasa ce da mahaifina ya noma, kuma a nan albasa ta fi yin kai. Amma na auna daga kututturen mangwaron farko zuwa bakin yanzu, abin da gulbi ya ɗauka da kanshi ya ninka hakan, bai kuma bar mana komi a madadi ba. Na yi magana da biyu daga cikin maƙwabta sun yarda a yi gayya bayan an cire shinkafa, na ukun yana cewa gwamnati ce ya kamata ta yi. Gaskiya gare shi, sai dai tsagar ba ta jiran takarda. Za mu rubuta takardar, za mu kuma je wurin uban ƙasa kan tifofin. Ƙanena ya yarda kuɗinshi su tafi ga tsakuwa da dutsen gindi da sabuwar rijiya, ko da yake har yanzu yana ganin katanga ta fi kyan gani.

Tambaya biyu sunka rage. Yaushe ya fi dacewa a dasa jemar? Kuma ina za mu samu mai yawa haka, don a fadamarmu ta yi ƙaranci tun da anka koma nome ko'ina?

Malamar Kimiyyar Ƙasa:

Da zarar kun gama kwantar da gaɓar ku dasa, kada ku jira damina. Tunda kuna da inji, ku yi mata ban ruwa kaɗan-kaɗan tun daga sanyi, don ta samu watanni tana kafa saiwa kafin ruwan Agusta ya hau kanta. Wadda aka dasa ana gab da cikar gulbi tafiya take yi. Ku yanke ganyen ya rage kamar tsawon tafin hannu kafin dashe, layin da ya mutu kuma a cike gurbinsa nan da nan, don ta giɓi ɗaya ruwa ke samun hanya.

Ɗan Sarkin Ruwa, Kwalkwalawa:

Jema akwai ta. Ka tambayi masu saƙa zana a kasuwa, sun san duk fadamar da take. Mu ma bayan namu lambun akwai kututtura da yawa, tushe ɗaya in anka raba shi yana ba da dashe mai dama. Ka zo da amalanke da magirbi bayan Juma'a, in haɗa ka da yara su taya ka tonawa, ka bar mana rabin kowane gindi ya sake tohowa.